Ƙyauren da Innarka ta Saya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga mahaifinka a hillarmu, wato ƙauyenmu, ta kusa da Wad Haddad, zuwa ga ɗana Isiyaku, Autan Innarsa, a Damazin. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina gaida ɗiyata Rabi matarka, ina gaida 'yar tsohuwar nan mai sunan Innarka, wadda na ji an ce haƙoranta na gaba sun zube. Ka ce mata na fasa auren. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin ruwa da na wuta da na baki, ya sa baƙuncin da kuke yi ya zame muku alheri. Mu nan sai godiya. Ƙafa ta ɗan yi nauyi, ido ya ɗan yi hazo, amma ina zuwa masallaci da kaina, kuma tuwo bai taɓa gagarata ba.

Da ajami na rubuta, don shi na iya. Na san ku 'yan madarasa idonku ya fi sabawa da Larabci, to in wani baƙi ya tsaya maka a wuya ka karanta da ƙarfi, bakinka zai gane abin da idonka bai gane ba. Kuma a gaban Rabi za ka karanta. Wannan umurni ne, shawarar tana gaba.

Saƙonka ya iso ta hannun direban lorin nan mai ɗaukar riɗi. Ka ce aikin gyaran mota ya karɓe ka, kun gaji da ɗakin haya, kuma wuri biyu ne a gabanka, kwari ɗaya ya raba su. Akwai Gangare a bakin kogi, inda mutanenmu suke, masunta da masu noman bakin ruwa. A can babu takarda, mai unguwa zai nuna maka fili ka kafa bukka, ran da ka so tashi ka tashi. Akwai kuma Tudu, inda hukuma ta auna filaye ta kafa turaku, ana saye da takarda, kuma dole sai ka yi ginin zama. Maƙwabta a can Larabawa ne da wasu ƙabilu, Bahaushe sai an tona. Kai Gangare kake so, Rabi Tudu take so, har maganar ta fara hana ku cin abinci da daɗi. Wannan ba kai ka faɗa ba, direban ne ya tsegunta mini. Ka ce in yanke muku. A ƙarshe kuma ka ƙara wata magana da na karanta na sake karantawa, wai kana tsoron ka yi gini in ce ka saki hanyar kakanni.

Na gane ka sarai, Auta. Mataimaki kake nema, don ka je ka ce wa 'yar mutane ai Baba ma Gangare ya ce. To gyara zama. Na sha zaɓen wurin zama a rayuwata, zan gaya maka yadda na yi, sai ka duba ka gani ko ni mutumin da za a tambaya ne.

Ka san a kan hanya aka haife ni, a wani zango tsakanin Abeshe da Fasher, iyayena suna tafe daga ƙasar Sakkwato za su Makka da ƙafa. Da suka iso Jazira guzuri ya ƙare, suka ce bari su yi tsinkar auduga ta shekara ɗaya sannan su ƙara gaba. Shekarar nan ɗaya ce har yau ba ta ƙare ba. Kakanka, Allah ya jiƙansa, duk wanda ya ce masa ya gyara danga ko ya dasa itace, amsa ɗaya yake ba shi: "Ba nan munka nufa ba." Da wannan magana aka yaye ni. Matafiyi ba ya gina abin da ba zai iya bari ba, ba ya dasa abin da ba zai jira inuwarsa ba. Larabawa kuwa ya Hajj, ya Hajj suke ce mana tun ban san gabas ba, har sunan ya bi ni. Ga shi yau kowa Alhaji yake kirana alhali ko teku ban taɓa gani ba. Ban raina wannan tarbiyya ba, kai ma kada ka raina ta. Ita ta hana mu haɗama, ita ta sa duk inda muka sauka masallaci muke fara kafawa. Na gode wa Allah da ya fito da ni daga tsatson mutanen da suka bar gida dominsa. Amma yadda na yi da maganar a cikin gidana, wannan aikina ne, babu ruwan kakanka.

Da na auri Innarka muka tashi daga bukkar kakanka za mu kafa tamu. Zango biyu ne na ma'aikatan auduga kusa da hawashar da nake nomawa, wato gonar da na karɓa a hannun mai ita muna raba amfani. Ɗaya yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan nan da ake ban ruwa da ita, ɗayan kuma yana kan wani ɗan tudu da babu ko inuwa. Da rani na je dubawa. Bakin tur'a kore shar, iska mai sanyi, ruwa a ƙofar ɗaki, yara suna ta iyo. A tudu kuwa rana tana dukan tsakar ka, mata suna ɗauko ruwa daga nesa. Na dawo ina murna na samo wa amarya sauƙi. Ta bi ni ta je ta gani, ta shiga wajen matan zangon ta sha ruwa ta fito. A hanyar dawowa ta ce mini ita dai ta ga kowane gado a wurin an ɗora ƙafafunsa a kan duwatsu, ta kuma ga shatar laka a jikin dangogi ta kai gwiwa. Na ce mata wannan maganar mata ce, damina ai ko'ina ruwa ake yi, kuma mu da ba daɗewa za mu yi ba mene ne na zaɓe-zaɓe. Ta ci gaba da tafiya. Innarka ba ta da gardama, ban kuma koyi jin tsoron irin wannan shirun nata ba tukuna.

Damina ta sauka. Ka san baƙar ƙasar Jazira, da rani ta dare har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kama takalmi ta ƙi saki. Ruwan sama ya haɗu da na tur'a ya shigo mana ɗaki ba sallama. Dawar da muka ajiye ta tsira a cikin buhu. Muka koyi ɗora gado a kan duwatsu kamar kowa, sauro kuwa ya mai da mu kalacinsa. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ban manta ba shi ne yayanka Sani. Da ya tasa ya shiga iyo da yaran wurin, ya kamu da tsargiya, yana fitsarin jini, ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa. Innarka ta goya shi, ƙato da shi ƙafafu suna reto, ta kai shi asibiti a Madani, allura bayan allura. Allah ya tashe shi, ga shi yau da 'ya'yansa, alhamdu lillahi. Ko sau ɗaya ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Saboda haka kada ka zaɓi unguwa da rani, Auta. Kowane wuri kyakkyawa ne ran da ƙasa ta bushe. In ba za ku iya jiran damina ba, ka sunkuyar da kai ka dubi gindin bango da ƙafafun gadaje. Ka tare mai jakin da ke sayar da ruwa, ka saya masa shayi, ka tambaye shi wace unguwa ce jakinsa yake ƙin shiga in ruwa ya yi ƙarfi. Shi ba fili yake sayarwa ba, ba zai yi maka ƙarya ba. Ka tuna kuma kogin da ke gabanku ya fi ƙarfin tur'a nesa ba kusa ba, ga shi an tare shi da ƙaton ginin madatsar ruwa, babu wanda ya gama sanin sabon halinsa.

Da muka gudu daga bakin tur'a, mai hawashar ya kira ni. Wani Balarabe ne ana ce masa Babikir, mai faɗa kamar barkono amma cikinsa fari tas. Ya nuna mini fili a jikin gidansa a cikin hillarsu, ya ce in gina, ba ya son komai. "Ya Hajj," ya ce, "aljar gablad dar. Ni na zaɓe ka, saura kai ka zaɓe ni." Wato maƙwabci kafin gida. Na yi godiya na ƙi. Na ce a raina 'ya'yana za su tashi babu Hausa a bakinsu, kuma dai ba nan muka nufa ba. Ashe Innarka ta so wurin ƙwarai, don ita da Nafisa matar Babikir sun riga sun shaƙu, wannan tana koya wa wannan gurasarsu ta kisra, wannan tana koya wa wannan fura. Ban tambaye ta ba. Sai bayan shekaru na ji a bakin Nafisa.

Muka zo nan hillar cikin 'yan'uwa, kuma ba zan yi butulci ba, na sha daɗin zama da su. A nan aka yi sunanka, a nan kuka yi karatun allo, a nan in mutum ya yi atishawa sai an ce masa sannu daga gida uku. Sai dai tunda kowa matafiyi ne, kowa kara da ciyawa ya kafa, bukka tana shafar bukka. Wata shekara bayan an gama tsinka, lokacin da ake tumɓuke karan auduga ana ƙonewa saboda ƙwari, iska ta ɗauko wuta da rana tsaka ta jefa kan bukkar farko. Kafin maza su rugo daga gona layinmu duka ya zama toka. Kana goye a lokacin. Innarka ta fita da kai da allunan yayyenka da tukunya ɗaya, shi ke nan abin da muka tsira da shi. Ba a rasa rai ba, kuma har gobe ina gode wa Allah a kan wannan.

A bayan gobarar nan na ga mutane. 'Yan'uwanmu suka yi gayya, wannan da kara, wannan da igiya, matan da su kansu ba su da na gobe suna aiko mana da tuwo, kafin a jima kowa ya sami inda zai sa haƙarƙari. Amma a cikin Hausawan nan akwai wanda muka daɗe muna sahu ɗaya, ya wuce ta gabana yana kallon sama don kada in roƙe shi. Babikir kuwa, wanda na ƙi maƙwabtakarsa, sai ga shi da raƙumi ɗauke da dawa da gadaje. Yana sauke kaya yana zazzaga mini faɗa, wai ga abin da taurin kai ya jawo, wai da na ji maganarsa da yanzu ina cikin ɗakin ƙasa ina shan kofi. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba. Allah ya jiƙan Babikir, ya haskaka kabarinsa.

Don haka kada ka auna maƙwabci da harshensa. Ka yi salla a masallacin Gangare, ka yi a na Tudu, ka ga inda za a juyo a tambaye ka daga ina. In ka ji an yi rasuwa a ɗaya daga cikinsu ka bi gawa, ka duba ko ana rige-rigen ɗaukar makara ko kuwa dangi kaɗai aka bar wa. Rabi kuma ta shiga cikin gidaje. Abin da mace za ta gano a zaman shan ruwa ɗaya, kai sai ka shekara a dandali ba ka ji shi ba.

Bayan gobarar ne Innarka ta yi abin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar takarda. Ka san sana'arta, soyayyar gyaɗa da dakuwa, tana aikawa kasuwa tana ƙulle abin da ya samu. Wata ranar kasuwar garin Hajj Abdalla ta nemi izini za ta bi mata sayen gyaɗa. Da la'asar ina zaune a rumfa sai ga jaki yana tafe yana tangaɗi, an ɗaura masa wani abu mai faɗi, Innarka tana biye tana tallafe da gefe ɗaya. Ashe ƙyaure ne. Ƙyauren katako na gaske, na itacen bagaruwa, mai nauyi, da ƙusoshi masu manyan kai da sakata ta ƙarfe. Duk hillar nan babu mai irinsa, mu da asabari muke rufe ɗaki. Yara suka biyo ta, mata suka leƙo ta kan danga.

Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Ke kuwa, mi za a yi da ƙyaure babu ɗaki? A jikin kara za ki rataya shi?"

Ta ce, "Malam, kai hanya ka sani, ni ɗaki na sani. Ran da ka gina, ga ƙyaure. In kuwa tahiyar ta zo, sai in bar ma wata."

Na ce to, bari a tsinke audugar bana.

Audugar bana ta zo ta wuce, ta baɗi ma haka. Wata shekara in ce abin da aka samu na guzuri ne, wata shekara in ce bari a ga yadda damina za ta yi. Gaskiyar magana, kunyar tsofaffin masallaci nake ji, kada a ce ɗan wane ne ya fara gini, ya fasa niyya. Guzurin kuwa bai taɓa kai mu ko Kasala da ke kan hanyar teku ba. Aure ya ci, suna ya ci, ciwo ya ci, kuma ban yi da-na-sanin ko ɗaya ba, don a kanku aka kashe.

Kai ka san ƙyauren nan, a jikinsa ka koyi tsayuwa. Ta ɗora shi a kan duwatsu a bayan rumbu saboda gara. An shanya kuɓewa a kansa, an shanya barkono, kun kwanta a kansa lokacin zafi kuna faɗa a kan wanda zai kwana a tsakiya. Duk shekara bayan kaka sai ta wanke shi, ta shafe shi da man riɗi, ta ɗiga wa sakatar mai tana gwadawa ko ta cije. Ina ganinta, sai in kau da kai in kama wani aiki. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta kuma taɓa yarda a sayar ba, ko da wani attajiri daga Rufa'a ya gani ya yi ta naci.

A ciwonta na ƙarshe, wata safiya ta ji dama-dama, na fito da ita rumfa tana shan kunu. Iska ta taso ta ɗaga asabarin ɗaki ta watsa ƙura a kan shimfiɗa. Ta bi shi da kallo, ta yi murmushi, ta ce, "Ka san abin da nike so, Malam? Ba ginin ba ne. In tura ƙyaure da hannuna, in ji ƙarar da za ya yi, in san ni da ɗiyana muna ciki." Babu ɗaci a muryarta, kamar dai mai marmarin wani abinci. Na ce mata da ta warke za a yi. Wannan karon da gaske nake, har na yi magana da magini, har an fara buga tubali. Ba ta ga kakar ba.

Ran da muka kai ta, ina tsaye ana jera itace a kan kabarin ana toshewa da laka, sai ya faɗo mini a rai cewa wannan ne ɗaki na farko da na yi mata wanda ba na kara ba. Auta, na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Amma godiyata ta fi baƙin cikina yawa. Allah ya ba ni mace wadda ta bi ni bakin tur'a, ta bi ni cikin toka, ta raini 'ya'yana a bayan asabari, ba ta taɓa sa na ji ni ƙaramin mutum ne ba. Tubalan nan na ba masallaci, an ƙara ɗakin ajiya da su.

Tun daga lokacin nake juya maganar kakanka. Shi da ya taka daga Sakkwato har nan da ƙafarsa, yana da bakin cewa ba nan ya nufa ba. Ni kuwa da na zauna wuri ɗaya har gemu ya yi fari, inuwa kawai na mai da maganar ina fakewa. Niyya a zuciya take, bango ba ya kashe ta. Ga shi yanzu mutane suna hawa jirgin ƙasa zuwa bakin teku, su haye, su sauke farali, su dawo, kuma duk wanda ya dawo gida yake nema. In Allah ya kira ka za ka je ko kana cikin bene, in bai kira ka ba bukka ba za ta kai ka ba, ni ne shaida.

To ga amsata. Na sake ka daga maganar nan, duniya da lahira. Ka yi gini, da yardata da albarkata. In tsofaffin Gangare sun ce ɗan Alhaji ya saki hanya, ka ce musu Alhajin ne ya sa ka, su zo su same ni.

Batun wace unguwa kuwa, ban ga ko ɗaya da idona ba, kuma wanda ya zaɓi bakin tur'a bai kamata ya cika baki ba. Amma tunda ka tambaya, zuciyata tana Tudu, don can Rabi ta nuna. Na lura ka rubuto mini dalilanka har da na ƙari, nata kuwa ko ɗaya babu, daga nan na san ba ka tambaye ta ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba a wannan nake so ka gado ni ba. Kai da safe za ka fita gareji sai magariba. Ita ce za ta wuni a gidan, ita za ta san inda ruwa yake kwanciya da inda yara za su yi wasa da ƙofar da za ta buga in naƙuda ta zo kana nesa. Ka tambaye ta yau, ka yi shiru har ta gama, kada ka ce maganar mata ce. In kun duba tare ta sauya ra'ayi ta ce Gangare, to Gangaren, amma ko a can kada ka ɗora tubali sai ka riƙe takarda a hannu.

Tsoron da kake ji na harshe gaskiya ne, ba zan ce maka ba komai ba. Da kuka zo salla na ce wa mai sunan Innarka ina kwana, ta dube ni ta amsa da Larabci, "Kwayyisa, ya jiddi," wai lafiya lau, kakana. Na yi dariya, amma abin ya soke ni. Sai dai ka duba 'ya'yan Sani, a tsakiyar hillar Hausawa suke, su ma rabin maganarsu Larabci ce. Ashe unguwa ba ta tsare harshe. A bakin akushi ake tsare shi. In an zauna cin abinci a gidanka kada a yi wani yare sai Hausa, wanda ya nemi miya da Larabci a ce ba a ji ba. Rabi ta riƙa yi musu tatsuniya. Ran Juma'a ku haye kwari ku yi salla a Gangare, biki da suna da gaisuwar mutuwa kada a rasa ku. In da hali ka nemi fili a gefen Tudu da ke kallon kwarin, yadda tafiyar ba za ta yi wa mace mai goyo nisa ba. Larabcin kuma ku bar su su iya da kyau, a ƙasar nan za su ci abinci.

Sauran ƙananan abubuwa ka fi ni sani. Ka ga turakun filinka da idonka a gaban shaidu, kada ka yarda da nuni da baki. Ka sa a haƙa tushe da zurfi, baƙar ƙasa ba ta da amana. Kuma tun ran da aka ba ka wurin ka dasa dalbejiya a ƙofar gida, ka riƙa ba ta ruwan alwala. Ni ban taɓa dasa itace ba, inuwar da nake sha yanzu ta wani ce, Allah ya saka masa.

Direban lorin zai taso ran kasuwa mai zuwa, ƙyauren yana cikin kayansa. Ni da Sani muka wanke shi, na shafa masa man riɗi da hannuna, karo na farko ke nan. Yana nan garau, gara ba ta taɓa shi ba, sakatar ma tana tafiya sumul. Magini zai ce maka ya yi faɗi ko ya yi gajere, zai so ya sa masa zarto. Kada ka yarda. A auna bakin ƙofa da ƙyauren, a gina ɗakin a jikinsa. Ran da aka kafa shi kuma, kada kai ka fara rufewa, kada Rabi ta fara. Ku shiga ciki dukanku, a bar mai sunan Innarka ta tura da hannunta. In ya yi mata nauyi a taya ta kaɗan, amma ita za ta sa sakata.

Allah ya zaɓa muku mafi alherin wuraren biyu, ya haɗa ku da maƙwabta irin Babikir da irin masu gayyar hillarmu. Allah ya tsare gidan daga ambaliya da gobara da ɓarawo, ya sa a rufe ƙofarsa lafiya a buɗe lafiya, ya sa baƙo ya ci abinci a cikinsa. Allah ya yi maka albarka, ya yi wa Rabi albarka, ya raya zuriyarku a kan salla, ya kira ku ɗakinsa ku je ku dawo. Allah ya jiƙan Innarka, ya ba ta gidan da ya fi wanda na hana ta. Sani da iyalinsa suna gaisuwa, mutanen masallaci ma haka.

Abu ɗaya nake roƙo. In yarinyar ta rufe, ka rubuto mini irin ƙarar da ya yi. Ni ma ban taɓa ji ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.